Wata shida tsakanin kunzugu da fo: yadda muka yi da ɗana a Aboabo

Maganar ta fara ne a ofishin shugabar wata makarantar renon yara da ke kusa da gidanmu a unguwar Aboabo da ke Kumasi a ƙasar Ghana, a cikin watan Nuwamba, lokacin ɗana yana da shekara biyu da wata huɗu. Ni tela ce, ina da rumfar ɗinki a kan hanyar Asawase, kuma yaron ya kai munzalin da ba ya zama wuri ɗaya, yanzu ya ɗauki almakashi, an jima ya cusa hannu a ƙarƙashin keke ina cikin takawa. Shi ya sa muka yanke shawara da maigidana a sa shi makaranta idan an dawo daga hutu a watan Janairu. Na je da takardar haihuwarsa da littafin awo da hotuna biyu, na biya kuɗin fom, na zauna a benci na kusan awa ɗaya kafin a kira ni. Shugabar ta duba takardun ba ta sami matsala ba, sai da ta zo kan wata tambaya a ƙarshen fom ɗin, wadda ke neman sanin ko yaro yana iya faɗa idan yana jin fitsari ko bayan gida. Na ce mata har yanzu famfas yake sawa. Ta ajiye biro ta ce ajin da shekarunsa suka kai ba a karɓar yaro da famfas, domin malama ɗaya ce da mai taimaka mata, ba za su bar sauran yara su tsaya canza wa ɗaya ba. Ta ce ina da mako bakwai, ya ishe ni. Na fito da wannan mako bakwai a kaina kamar bashin da aka sa wa rana, kuma kusan duk kurakuran da na yi daga baya daga nan suka samo asali.

Sai mai karatu ya san irin gidan da muke ciki kafin ya fahimci abin da ya biyo baya. Gidan haya ne mai ɗaki goma sha ɗaya, tsakar gida ɗaya, wurin wanka biyu, amma babu bayan gida. Babba ko yaro, kowa bayan gidan unguwa yake zuwa ya biya a ƙofa kafin ya shiga, kamar yadda yake a gidaje da yawa na zangunan Kumasi. Surukata, wadda muke kira Hajiya, tana ɗakin da ke kallon namu. Ita ’ya’yanta duka a ƙafa ta koya musu: tun jariri yana wata uku ko huɗu za ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta ɗora shi a kan idon sawunta bayan ya sha nono, tana yi masa ’yar shewa har ya yi, kuma ta ce babu wanda ya kai yaye yana ɓata zane. Ni kuwa na koma rumfa tun yaron yana wata biyar, famfas ya zame mini sauƙi, ban taɓa ɗora shi a ƙafa ba. Da na ba ta labarin makaranta sai ta ce, “Ai ’yata, ku yaran yanzu kun ɗaure wa yaro ƙugu da leda shekara biyu, sannan ku ce ya san jiƙa da bushewa a rana ɗaya.” Maganar ta yi mini zafi a lokacin, amma akwai gaskiya a cikinta, domin famfas yana shanye fitsari har yaro bai san ya yi ba.

Ranar Asabar na shiga kasuwar Kejetia sayayya. Na sayi ƙananan wanduna dozin ɗaya, da ledar shimfiɗa a kan katifa, da ’yar ƙaramar buta, da bokiti mai murfi, da ruwan bilic. A wajen masu robobi na tarar da fo iri-iri, na tsallake na talakawa mai gajeren zama na sidi ashirin da biyar, na ɗauki wani dogo mai majingina da hannaye kamar kujerar sarki, wanda ya ci mini sidi saba’in bayan ciniki. Ina ganin na yi wa ɗana gata. Ban lura ba sai daga baya cewa idan ya zauna a kai ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa, lilo suke yi a iska.

Ranar Litinin ta farko a Disamba na cire masa famfas gaba ɗaya, dare da rana. Hunturu ya riga ya sauko, da asuba robar fo ɗin takan yi sanyi ƙarara, amma haka nake ɗaga shi daga barci in dasa shi a kai yana kuka. Na rufe rumfa na kwana biyar, ina zaunar da shi duk bayan rabin awa. Ta fannin fitsari abin ya ba ni mamaki, domin kafin mako ya cika ya fara riƙe gabansa yana cewa “fitsari”, ko da yake sau da yawa maganar da fitsarin tare suke fitowa. Bayan gida ne ya gagara. Yakan zauna minti ashirin a kan fo bai yi komai ba, ina ɗaga shi sai ya lallaɓa bayan ƙofa ya tsuguna ya yi a wando. A ɗakin nan nake salla, kullum ina cikin wanke tabarma da sallaya da shakkar ko najasa ta taɓa tufafina, ga ɗinkunan bukukuwan ƙarshen shekara sun taru masu su suna kira. A rana ta tara na tarar ya yi a bayan ƙofa ya kuma taka ya zagaya ɗakin da shi. Na doke shi a cinya, na fito da shi tsakar gida na wanke shi da ruwan sanyi ina faɗa, yaran gida suka kewaye mu suna dariya suna kiransa amalala. Ba na jin daɗin rubuta wannan, amma idan na ɓoye shi sauran labarin ba zai yi wa kowa amfani ba.

Daga ranar ya daina yi a wando, ni kuma na ɗauka nasara ce. Ashe ya daina yi ne baki ɗaya. Sai in gan shi ya tsaya a kan yatsun ƙafa, ya harɗe ƙafafu, ya dafa bango, fuskarsa ta ɗaure har jijiyar wuya ta fito, ni kuwa ina tsammanin yunƙuri yake yi abin ya ƙi fita, in ruga da shi kan fo yana tirjewa. Ya yi kwana huɗu bai yi ba, a na biyar ya yi wani mai tauri kamar tsakuwa, yana ihu, da ɗan jan jini a jikinsa. Bayan wannan kwanakin suka ƙara nisa, abincinsa ya ragu, cikinsa ya yi tauri, sannan wani sabon abu ya ɓullo: kullum sai in ga wandonsa ya ɓaci da ruwa-ruwan kashi mai wari, shi kuma kamar bai san ya fita ba. Na je wani kantin magani a unguwa na ce yarona yana zawo. Mai kantin bai tambaye ni komai ba, ni ma ban faɗi zancen kwanakin da yake yi bai fita ba, ya ba ni garin ORS da ƙwayar zinc. Waɗannan su ne daidai ga yaro mai gudawa, amma ɗana ba gudawa yake yi ba, don haka na yi mako guda ina ba shi babu canji. Hajiya ta ce ciki ne ya yi datti, ta fito da bentowa, wannan ’yar robar da ake ɗura wa yaro ruwan magani ta dubura, ta ce a daka citta da ganye a yi masa. Ban iya musa mata ba, maigidana ne ya ce, “Hajiya, ki yi haƙuri a fara kai shi awo tukuna, in sun rasa abin yi sai mu dawo gare ki.”

Rabona da awo tun yana wata goma sha takwas, ranar da aka yi masa allurar ƙyanda ta biyu, domin kamar yawancin mata na ɗauka in allurai sun ƙare zuwa ya ƙare. Na isa ƙarfe bakwai da rabi na safe na tarar da mata sun fi talatin a ƙarƙashin rumfa, na ajiye littafin a kan tulin littattafai na jira har wajen sha ɗaya. Ba a biyan ko sisi. Da aka auna shi, nas ɗin ta nuna mini a jadawalin littafin cewa nauyinsa bai ƙaru yadda ya kamata ba, ta ɗiga masa bitamin A a baki, ta tuna mini cewa ana ba da shi duk wata shida har yaro ya kai shekara biyar. Sai na yi mata bayanin zawon. Ita ce mutum ta farko da ta tambaye ni yaushe rabonsa da yin bayan gida sosai, kuma da na ce kwana shida sai ta daina rubutu ta dube ni. Ta taɓa cikinsa, ta ce wannan ba aikin awo ba ne, in kai shi ya ga likita gobe, kuma ta ja kunnena cewa kada a kuskura a yi masa bentowa, domin citta da barkono suna ƙona hanjin yaro, bakin robar kuma yana iya ji masa rauni a wurin da ya riga ya tsage.

A daren na duba katin inshorar lafiyarsa na ga saura kwana kaɗan ya ƙare, na sabunta shi ta waya da lambar *929#, aka cire kuɗin daga asusun wayata. Ina ba duk uwa shawara ta duba wannan kafin ta bar gida, domin na ga wata a gabana an mayar da ita baya saboda shi. Mun isa asibitin gwamnati da ke kusa da mu ƙarfe shida da rabi. Layin farko na tantance kati ne, na biyu na awon nauyi da zafin jiki, na uku kuma, wanda ya fi kowanne tsawo, na ƙofar likita. Yaron ya ɓata wando sau biyu muna zaune, na gode Allah da na zo da canji da leda da ruwa a gora. Wajen sha ɗaya da rabi muka shiga. Likitar ta saurare ni har na gama, har da zancen dukan, ba ta yi mini faɗa ba. Ta kwantar da shi ta danna cikinsa ta hagu, ta kama hannuna ta ɗora a wurin, na ji wani abu mai tauri kamar dunƙulen sabulu. Ta duba duburarsa ta ce akwai ’yar tsagewa, daga nan jinin ya fito.

Bayanin da ta yi mini shi ne abin da na so a ce na sani tun a Nuwamba. Yaro idan ya ji tsoro ko ya ji zafi sau ɗaya, sai ya riƙe. Idan ya riƙe, hanji yana ci gaba da tsotse ruwan da ke cikin kashin, ya ƙara tauri da girma, ranar da ya fita ya fi na baya zafi, yaron ya ƙara riƙewa. Tsayuwar nan a kan yatsu da harɗe ƙafa da nake ɗauka yunƙuri ne, ƙoƙarin hana shi fita ne. Ruwa-ruwan da ke ɓata wando kuwa sabon kashi ne mai laushi da ke zagaye tsohon da ya toshe hanya yana tsiyayowa, kuma yaron ba shi da iko a kansa, domin hanjin ya buɗe har ya daina sanar da shi. Ta tura mu ɗakin gwaji da ’yar roba don a duba ko akwai tsutsar ciki, muka jira wajen awa biyu, sakamakon ya fito babu komai. Ta rubuta maganin ruwa mai zaƙi da ake kira lactulose, wanda ke jawo ruwa cikin hanji ya tausasa kashi, ta ce kada in daina ba shi don na ga ya yi sau ɗaya ko sau biyu, sai ta ce a daina. Ba a samu maganin a kantin asibitin ba ranar, a waje na saya da kuɗina. Abu na ƙarshe da ta faɗa shi ya fi yi mini nauyi: in mayar masa da famfas, in ɓoye fo, kada a sake yi masa zancen har sai ya daina jin tsoron yin bayan gida. Na ce mata makaranta fa? Ta ce makaranta tana nan ba ta gudu. Mun bar asibitin bayan la’asar.

Washegari na koma ofishin shugabar makarantar na ce a ɗaga mana zuwa zango na uku. Ta yarda, ba a sake karɓar kuɗin fom ba. Watan Fabrairu duka ba mu yi komai ba sai gyaran ciki. Na rage masa burodi da biskit da yawan madara, waɗanda su ne abin da nake toshe masa baki da su a rumfa, na koma ba shi koko da safe, gwanda ko lemu da hantsi, tuwo da miyar ayoyo ko kuɓewa da dare, wake sau biyu ko uku a mako, da ruwa a ƙaramin kofinsa duk lokacin da ni ma na sha. A kwana na uku da fara maganin ya yi mai yawan da ya ba ni tsoro. Bayan mako biyu muka koma wajen likita kamar yadda ta ce, ta rage yawan maganin. Hajiya, Allah ya saka mata da alheri, ita ta kira yaran gida ta gargaɗe su cewa duk wanda ya sake tsokanar jikanta zai gamu da ita.

A tsakiyar Maris, zafi ya shigo, yana da shekara biyu da wata takwas, na ga alamun da likitar ta ce in jira. Famfas ɗinsa yakan kai awa biyu a bushe, yana tashi daga barcin rana bai jiƙa ba, yana iya sauke wando da kansa, kuma idan ya yi sai ya zo ya ce in cire masa. Na sayo fo ɗin sidi ashirin da biyar ɗin nan da na raina, wanda in ya zauna tafin ƙafarsa yana ƙasa, gwiwoyinsa sun ɗan ɗara ƙugu, kusan tsugunon da jikinsa ya saba da shi a bayan ƙofa. A bayan ƙofar kuwa na ajiye shi, tunda nan ya zaɓa wa kansa, nesa da idon tsakar gida. Na daina zaunar da shi duk rabin awa. Sau uku kawai, bayan karin kumallo da abincin rana da na dare, domin hanji yakan motsa bayan an ci abinci, kuma minti biyar ne, ya yi ko bai yi ba. Kwanakin farko da famfas ɗinsa yake zama a kai ya yi a ciki, daga baya na riƙa kwance shi in shimfiɗa a cikin fo ɗin, har ranar da ya ture shi da kansa. Ranar da ya fara yi a fo tsirara, ya tashi ya leƙa ya kira Hajiya ta zo ta gani, ita kuma ta zo da carbinta a hannu ta yi masa guɗa. Daga nan ita ta karɓi koyar da tsarki: buta a dama, wanki da hagu, sannan sabulu, tana karanta masa addu’ar shiga yana maimaita ƙarshenta kawai, in an gama ya ce “gufranaka” da ƙarfi har maƙwabta su ji.

Akwai wani ɓangare da ban ji kowa ya yi mini bayaninsa ba, wato inda za a kai abin da ke cikin fo a gidan da babu bayan gida. Na sha ganin ana juye shi a kwata ko a ƙulla a baƙar leda a jefa a bola, da zaton kashin yaro ba shi da illa, alhali yana ɗauke da cuta kamar na babba, kuma duk wanda ya zauna a Aboabo ya san cewa ruwan sama ɗaya ya isa ya dawo mana da abin da ke cikin kwata har ƙofar ɗaki. Ni a bokiti mai murfi nake juyewa, in kai bayan gidan unguwa safe da yamma. Da farko mai tsaron ƙofa yana karɓar kuɗi duk zuwa kamar na shiga da kaina, sai maigidana ya yi magana da shi muka daidaita a kan biyan mako. Fo ɗin kuma ina wanke shi da sabulu da ɗan bilic in kife a rana. Wannan jigila ce ta sa masu haya muka haɗu muka sami mai gidan da maganar gina bayan gida a cikin gida, kuma har yanzu ana kan lissafin wanda zai biya nawa.

Ya shiga makaranta a watan Mayu. Makon farko kullum da ƙullin jiƙaƙƙen wando yake dawowa, har na fara jin tsohon tsoron nan yana taso mini. Da na je na zauna da malamar ajin sai muka gano abin dariya: ita Tuwi da Turanci take ji, shi kuma da Hausa yake faɗa, yana cewa “kashi” tana tsammanin sunan wani yaro yake kira. Na rubuta mata kalmomi biyun a takarda, na koya masa yadda ake faɗa a ajin, na kuma roƙe ta ta riƙa kai shi bayan sun ci abinci ko bai nema ba. Wandon makarantar ma mai maɓalli da zif ne, na kwance ƙugun na sa masa roba. A mako na uku ƙullin ya daina zuwa.

Da zan sake daga farko, ba zan ƙirga daga ranar da makaranta ta sa ba, daga abin da jikin yaron ya nuna zan ƙirga, domin yara sun bambanta, wani yana shirya tun bai cika shekara biyu ba, wani sai ya kusa uku. Ba zan fara a cikin sanyi ba, ba kuma a lokacin da aiki ya yi mini yawa har haƙurina ya ƙare ba. Zan riƙa lura da kwana nawa yake yi tsakanin fita da fita, kuma in na je kantin magani ko awo zan faɗi wannan kafin in ambaci kalmar zawo. Hanyar Hajiya ta ɗorawa a ƙafa kuwa, yanzu da nake da ciki na biyu, na ce mata za ta koya mini, ko da safe da dare ne kawai.

Na dare bai ƙare ba tukuna. Ya cika shekara uku, amma yana jiƙa shimfiɗa sau biyu ko uku a mako, kuma likitar ta ce wannan ba abu ne da ake koyarwa ba, jiki ne ke kai wa nan da kansa, ba a ma ɗaukarsa matsala kafin yaro ya kai shekara biyar. Ledar tana kan katifa, yana fitsari kafin ya kwanta, fo yana gefen gado saboda ba mai fita da yaro unguwa da tsakar dare. In ya jiƙa, da asuba mu cire zanen tare, shi ya riƙe gefe ɗaya ni ɗaya, mu kai bakin famfo kafin layi ya yi tsawo.